Gilasan da Sanda Wanzami Ya Binne

Ƙaramin akwatin kwali ɗaure da roba. Gilasai biyu a cikinsa. Takardar likita a ambulan mai hatimi. Zabirar wanzanci. Goro uku. Carbi.

Abin da Sanda Wanzami ya ɗauko ke nan. Yana zaune a kujerar baya ta wata fijo mai zuwa Zariya, ranar Laraba, farkon daminar 1976. Sun bar tashar Kawo ba da daɗewa ba. Zabirar tana tsakanin ƙafafunsa. Akwatin kuwa ya riƙe shi a cinya da hannu biyu.

Direban, Rabe, Bazazzagi ne mai surutu, kuma ya san Sanda, don a wurinsa yake aski. Ya dube shi ta madubi.

"Bakano, me ka rungume haka kamar jaririn jiya? Ko Kano ce gaba ɗaya ka naɗe, za ka kai mana Zazzau mu adana muku?"

"Dubi hanyarka," in ji Sanda. "Ku da kuka saba da jaki, rana ɗaya an ba ku mota."

Fasinjoji suka yi dariya. Sanda bai yi ba. Abin da ke cikin akwatin daga wuyan matarsa Lami aka ciro shi jiya da safe.

Shekara talatin da aurensu. Lami tana soya waina a ƙofar gidansu a Rafin Guza, kuma duk layin da muryarta suke sanin gari ya waye. Wata takwas da suka wuce wani ƙululu ya fito mata a gaban wuya, gefen dama, kamar ƙwayar gurjiya. Yanzu ya kai ƙwan zabo. Sanda ya taɓa wuyan mutane da ba ya iya ƙirgawa. Ya san maƙoƙo: laushi gare shi, yana bin maƙogwaro sama da ƙasa in mutum ya haɗiyi yawu, kuma mutum ya tsufa da shi ba abin da zai same shi. Na Lami tauri gare shi kamar tsakuwa, ya kafe a wuri ɗaya.

Sau ɗaya ya taɓa jin irinsa a ƙarƙashin yatsunsa. Wansa Ado ne, a ƙauyensu na ƙasar Kano, shekara goma sha tara baya. Sanda yana ji da ƙuruciya da gwaninta a lokacin. Ya ce ruwa ne ya taru, ya sa ƙarfe a wuta har ya yi ja, ya yi wa Ado sakiya. Ba ruwan da ya fito. Ramin bai rufe ba. Cikin sati uku nama ya fara tsirowa ta wurin, ja, mai wari, kullum yana ƙaruwa. Ado ya yi wata huɗu ya rasu. Dattawa suka ce ciwon daji ne, kuma daji ba ya son ƙarfe, in an taɓa shi da ƙarfe an tashe shi. Tun daga ranar Sanda bai sake kai ƙarfe wuyan kowa ba sai don aski.

Don haka bai ce wa Lami ta je asibiti ba. Ita ta kai kanta, ranar da wani mai sayen waina ya sa ta maimaita magana har sau uku bai ji ba. Muryar ta fara dishewa.

Likitan, Dakta Abdurrahim, matashi ne da bai daɗe da dawowa daga wata ƙasar sanyi a Turai ba. Ba ya yawan magana. Ya lalluba wuyan, ya sa ta haɗiyi ruwa, ya ce a zo masa da maigidanta. Da Sanda ya zo, likitan ya dubi zabirar ya ce, "Ashe abokin aiki ne. Zauna, Baba." Sannan ya nuna masa wata allura siririya, ba ta kai kaurin zaren ɗinki biyu ba.

"Da wannan zan tsotso ɗan abin da ke ciki, in shafa a gilashi. Akwai wanda zai duba shi da madubi mai ƙara girman abu a Zariya. Shi zai gaya mana ko daji ne ko ba daji ba."

"In daji ne fa?"

"A yi aiki a cire, tun bai kama abin da ke kusa da shi ba."

"Da wuƙa."

"Da wuƙa."

Sanda ya ce, "Likita, ƙarfe yana tashin daji. Na gani da idona." Ya ba shi labarin Ado a taƙaice, bai ce shi ya riƙe ƙarfen ba.

Likitan ya saurara har ƙarshe. "Ƙarfen sakiya kaurin yatsa ne, yana ƙona fata, ya bar ƙofa a buɗe. Wannan ramin nata kafin ku isa gida ya rufe. Inda na yi karatu ana yi wa mutane da yawa kowace rana. Ban taɓa ganin wanda allurar ta yaɗa wa ciwo ba. Abin da na ga yana kashe mutane shi ne jira."

Lami ba ta jira mijinta ya amsa ba. Ta kwanta a gadon, ta ɗaga haɓa. Sanda ya tsaya yana kallo. Allurar ta shiga, likitan ya motsa ta kaɗan, ya zare. Ba a yi minti ɗaya ba. Ɗigon jini ɗaya ya fito, aka danne da auduga.

Motar asibiti da ke kai irin waɗannan kaya Zariya sai ƙarshen wata take zuwa. Likitan ya ce ba ya son a jira ta. Ya rubuta takarda, ya liƙe ambulan, ya miƙa wa Sanda tare da akwatin. "Hannunka ya saba da abu mai kaifi, Baba. Ba za ka fasa ba."

A Rigachikun fijon ta fara hayaƙi. Rabe ya tsaya a gefen titi, ya buɗe gabanta, ya ɗauki galan ya tafi neman ruwa yana zagin motar da wanda ya ƙera ta. Fasinjoji suka watse ƙarƙashin rumfar masu rake. Sanda ya ce zai kama ruwa. Ya gangara bayan rumfunan, ya bi wata 'yar hanya har gefen wata gona da ba a riga an huɗe ba. Akwai ɗorawa a bakinta. Ya tsuguna a gindinta, ya cire robar.

Gilasai biyu ne sirara, kowanne da lamba a gefe. A tsakiyarsu wani shafe ne da ya bushe, fari-fari, da ɗan ja a bakinsa. Jinin Lami.

Ubansa da ya koya masa sana'a bai koya masa aska da farko ba. Abin da ya fara koya masa shi ne tona rami. Jinin ƙaho, gashin jariri, belin da aka cire, duk abin da ya fita daga jikin mutum, wanzami ba ya barinsa a fili, ba ya kuma miƙa shi ga baƙo. Yana binnewa, ya take wurin da ƙafa. Shekara arba'in Sanda bai saɓa ba ko sau ɗaya. Ga shi yau zai kai jinin matarsa wani gari, ya ba mutumin da bai san sunansa ba, ya ajiye a wani ɗaki da bai san inda yake ba.

Wannan shi ne abin da ya gaya wa kansa. Akwai wani a ƙarƙashinsa, ya kuma san da shi. In mutumin Zariya ya duba ya ce daji ne, wuƙa za ta biyo baya. In babu gilashi, babu amsa. In babu amsa, babu wuƙa.

Ya karyo reshe ya tona. Ƙasar ta yi laushi saboda ruwan shekaranjiya. Ya sa akwatin, ya mayar da ƙasa, ya take. Takardar ce ya kasa, don ya san da bisimilla likitan ya fara rubuta ta. Ya tura ta can ƙasan zabira, ƙarƙashin ƙahoni.

"Bakano!" Rabe yana danna oda. "Ko gona ka saya a can?"

Da ya shigo, Rabe ya dubi cinyarsa. "Ina jaririn?"

"Na sa a zabira."

Ya isa Zariya. Ya zauna a benci a tasha har aka yi azahar, ya yi salla, ya shiga wata motar ya dawo. Lami tana wanke tanda da ya shigo.

"Sannu da hanya, Maigida. An karɓa?"

"An karɓa."

"Sun ce yaushe?"

"Sati ɗaya ko biyu."

Tun daga washegari ya shiga duba wurin allurar. Kowace safiya kafin ta hura wuta sai ya juya fuskarta zuwa haske. Ranar farko akwai ɗan tabo kamar cizon sauro. Rana ta biyu ya koma baƙin ɗigo. Rana ta huɗu ya neme shi ya rasa. Ya danna da yatsa, ya shinshina. Babu ja, babu zafi, babu wari. Ya ce wa kansa na Ado ma sai da ya yi sati uku. Ya ci gaba da jira.

Ya lura da wani abu a ransa da bai so ba. Jira yake fatar ta fashe. Da ta fashe, da abin da ya yi a Rigachikun ya zama daidai.

Fatar ba ta fashe ba. Abin da ke ƙarƙashinta ne bai tsaya ba.

Kowace Talata Lami takan yafa mayafi ta tafi asibiti, ta zauna a layi har rana ta take, ta dawo. "Bai zo ba tukuna." Talata ta biyu ma haka. A sati na uku lomar tuwo ta tsaya mata a wuya, ta yi ta tari har hawaye, Sanda yana buga mata baya. Daga ranar ta koma kunu. Ta daina kiran masu saye. Ta samo tsohon faranti tana buga shi da cokali in waina ta soyu. Maƙwabta suka mai da abin wasa, suna ce mata mai ƙararrawa. Sanda yana zaune a rumfarsa ta aski a bakin layi, yana jin ƙarar farantin. Sau biyu ya yanki mutum a ƙeya, abin da bai yi ba tun yana koyo.

Talata ta uku likitan ya ce a zo masa da Sanda.

"Wa ka ba a can, Baba?"

"Wani mai farar riga."

"Dukansu fararen riguna ne. Dogo ne ko gajere? Ya ba ka wata 'yar takarda?"

"Bai ba ni ba."

"Na buga musu waya. Sun duba littafinsu, sun ce ba sunan Lami." Likitan ya ajiye biro. Ya dubi Sanda, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya juya ga Lami, ya sa yatsu biyu a gefen wuyanta, ƙasa da kunne. Ya tsaya a wuri ɗaya. Ya kama hannun Sanda ya ɗora a wurin.

Akwai wani sabo, ƙarami, kamar wake. Tauri gare shi.

"Allurar ce," in ji Sanda. Muryarsa ta fito da ƙarfi fiye da yadda ya nufa.

"Allurar a nan ta shiga." Likitan ya nuna gaban wuya. "Nuna mini ramin." Sanda bai motsa ba. "Wannan tafiyar ciwon ce da kansa. Da amsa ta zo a sati na farko, da yanzu mun san inda muka dosa. Zan sake ɗiba. Yau ma in kun yarda."

"Sai mun yi shawara," in ji Sanda.

Lami ta dube shi, ta gyara mayafinta, ta riga shi fita.

Ranar Alhamis da sassafe ya fita ba tare da zabira ba. Bai taɓa fita ba ita ba, amma yau ba aiki za shi ba. Ya yi lissafin cewa in ya tono akwatin ya kai Zariya, zai ce a can ne aka ɓatar aka kuma gano. Ba wanda zai sani, ba kuma sai an sake sa mata ƙarfe ba.

Ya sauka a Rigachikun. An yi ruwa da asuba, hanyar bayan rumfunan ta zama taɓo. Ɗorawar tana nan. Gonar ce ba yadda ya bar ta ba. An huɗe ta har gindin itacen, kunya-kunya, dawa ta tsiro ta kai taƙi. Ya tsuguna inda yake zato, ya sa hannu. Ya tona nan, ya tona can. Wani abu ya yanke shi a yatsa.

Kwalin ya jiƙe ya zama kamar dusa. Garma ta bi ta kansa. Ya tsinto gutsattsarin gilashi biyar, ruwa ya wanke su tas. A jikin ɗaya akwai rabin lamba.

Ya daɗe a tsugune. Jinin yatsansa yana ɗiga a kan kunya. Ya ga hannunsa na hagu ya fara jawo ƙasa yana rufe jinin da kansa, kamar yadda aka koya masa. Ya tashi.

Ya iso gida bayan azahar. Babu hayaƙi a ƙofar gida, tanda a kife take. Lami tana zaune a kan tabarma a tsakar gida, zabirar a buɗe a gabanta. Ta jera ƙahonin a gefe. Ambulan ɗin yana kan cinyarta, ba a buɗe shi ba.

"Almakashi nake nema," ta ce. Sai da ya matso ya ji ta. "Ban iya boko ba, Maigida. Amma a gabana ya buga hatimin nan."

Sanda ya tsuguna. Ya buɗe tafin hannunsa, ya zuba gutsattsarin a kan tabarma.

"A ina?"

"Rigachikun. Gindin wata ɗorawa."

"Tun ranar?"

"Tun ranar."

"Talata uku ina zama a layi."

"Jininki ne, Lami. Ba a ba baƙo jini. Kin san yadda muke."

"Na sani. Shekara talatin ina ganin kana tona rami." Ta tsaya ta haɗiyi yawu, ya ga yadda ta runtse ido kafin ya wuce. "Ba don wannan ka binne ba."

Bai musa ba. Ya ce, "Za su yanka ki. Na ga abin da ƙarfe ya yi wa Yaya Ado. Ni na riƙe ƙarfen."

"Ni kuma na wanke tsummansa wata huɗu. Ni nake dama masa kunu." Ta matso da fuskarta don kada maganar ta ɓace. "Kai ka tuna ranar sakiya. Ni na tuna kafin ranar. Tun kafin ka sa ƙarfen nan a wuta, Yaya Ado ya yi wata biyu ba ya haɗiye tuwo. Muryarsa ta riga ta tafi. Da hannu yake kiran mutane. Ƙarfenka ya ɓata masa fata, ya ƙara masa wahala. Amma ya riga ya kama hanya."

Sanda ya tuna. Ado yana zaune a zaure yana tafa hannu in yana son ruwa. Shekara goma sha tara bai tuna wannan ba.

Ta kama hannunsa mai rauni, ta ɗora yatsan a gaban wuyanta. "Nemo ramin allurar." Ya lalluba. Fata ce lafiyayya, sumul. Ta ja yatsan zuwa ƙasan kunne. Waken yana nan. Ya ji kamar ya fi na shekaranjiya, ko kuwa tsoro ne ya ƙara masa girma. Bai iya rabewa ba.

"Wanne kake tsoro?" ta ce.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, iska tana kaɗa zanin da ta shanya. A bakin layi wani yana tambaya ko mai waina ba ta fito ba yau.

"In je da ke asibiti gobe," ya ce. "Ni zan gaya wa likitan da bakina."

"Za ka gaya masa. Wannan naka ne."

Ta tattara gutsattsarin gilashin ɗaya bayan ɗaya, ta zuba masa a hannu, ta naɗe yatsunsa a kai. Ta ɗauki ambulan ɗin, ta tashi da ƙyar, ta dafa bango ta shiga ɗakinta. Ya bi ta har bakin ƙofa. Ta tura ƙyauren ya rufe, ya ji ta sa sakata.

Ya tsaya. Sai da ya manna kunnensa a jikin ƙyauren sannan ya ji abin da take faɗa.

"Gobe zan kwanta a sake sa allurar. Gilashin ni zan kai Zariya da hannuna. In sun ce wuƙa, wuƙa za a yi."